Aibin Da Ke Ƙarfafa Waya: Yadda Tawayar Kiristal Ke Kafe Zaren Maganaɗisu

Kowace waya da ke kai wutar lantarki Rano da Kibiya da sauran garuruwan kudancin Jihar Kano tana cinye wani kaso na wutar kafin ta isa gidajen jama'a, domin jan ƙarfe da alminiyam da ake ƙera wayoyi da su suna da abin da masana ke kira turjiya, wato tirjewar da ƙarfe yake yi wa lantarkin da ke ratsa shi har wani ɓangarensa ya koma zafi. Wannan turjiya ce ke sa taransifoma ta ɗau zafi idan lodi ya yi mata yawa, ita ce kuma ke narkar da siririyar waya idan aka jona mata injin walda. Akwai wasu kayayyaki da turjiyarsu ke gushewa ɗungurum idan aka sanyaya su zuwa wani mataki, su ne ake kira sufakwandakta, kuma lantarkin da aka saka a zoben da aka yi da su yana iya shafe shekaru yana kewayawa ba tare da an ga ya ragu ba. Abin da bai faye fitowa fili ba shi ne, sufakwandaktan da ya tsarkaka daga kowane aibi ba ya iya ɗaukar lodin kirki a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, sai an cusa masa aibobi da gangan, masu girma da siffa da yawan da suka dace, sannan ya zama wayar da za a dogara da ita.

A shekarar 1911 ne Heike Kamerlingh Onnes na Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan ya ga turjiyar zaiba ta ɓace a kelbin 4.2. Kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi, wanda ya yi daidai da digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa, saboda haka ba a kai wa irin wannan mataki sai da ruwan iskar hiliyam mai tsada. A 1933 kuma Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka gano a Jamus cewa sufakwandakta yana korar filin maganaɗisu daga cikinsa, wato tasirin da ke kewaye da maganaɗisu wanda ke juya allurar kamfas. Sai dai zaiba da dalma da kuza suna sallamawa da zarar filin ya ɗan yi ƙarfi, su koma ƙarafa na yau da kullum, shi ya sa aka daɗe ba a ci wata moriya tasu ba.

Mafita ta fito ne daga wani rukuni na biyu, wanda Lev Shubnikov ya fara lura da halinsa a Kharkov a shekarun 1930, kafin gwamnatin Stalin ta kashe shi a 1937, wanda kuma Alexei Abrikosov ya fayyace a lissafinsa na 1957, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel ta 2003. Kayayyakin wannan rukuni ba sa korar filin gaba ɗaya, ba sa kuma sallama masa gaba ɗaya. Suna barinsa ya ratsa su a siffar sirarran zare, kowane zare yana da cibiya wadda a cikinta halin sufakwandakta ya mutu, lantarki kuma yana kewaya cibiyar ba tsayawa, alhali duk sararin da ke tsakanin zare da zare yana nan ba shi da turjiya. Kowane zare yana ɗauke da ƙayyadadden rabo na maganaɗisu wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, don haka idan filin ya ƙara ƙarfi yawan zaren ne ke ƙaruwa. A filin da ƙarfinsa ya kai tesla 1, wanda ya ninka na doron ƙasa fiye da sau 15,000, zare kusan biliyan 48 ne ke ratsa murabba'in santimita ɗaya, tsakanin kowane biyu kuwa kimanin nanomita 50 ne, nanomita kuma kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Da yake zaren suna ture juna, sai su jeru a tsari mai kusurwa uku-uku, wanda Uwe Essmann da Hermann Träuble suka ɗauki hotonsa a Stuttgart a 1967.

A nan ne matsalar take. Duk lokacin da lantarki ya ratsa wayar da zaren maganaɗisu ke cikinta, yana ture zaren zuwa gefe, kuma ƙarfin turin daidai yake da yawan lantarkin idan aka ninka shi da ƙarfin filin. Wannan ƙa'ida ce dai ke juya injin fanka da na famfon ban ruwa. Idan zaren suka motsa, motsinsu yana haifar da zafi a cikin wayar, kuma wayar da ke fitar da zafi ta zama mai turjiya ko da kayan da aka yi ta da su ba su fita daga halinsu ba. A cikin kiristal marar aibi babu abin da zai tare su, ɗan lantarki kaɗan ya isa ya kora su. Saboda haka iyakar lodin da wayar sufakwandakta ke ɗauka ba ta dogara ga sinadarinta kaɗai ba, ta dogara ne ga abin da ke riƙe zaren, kuma abin da ke riƙe su aibobin kiristal ne.

Kiristal shi ne daskararren abu da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru sahu-sahu a tsari guda mai maimaita kansa, kamar gishiri da sukari da ƙanƙara. Duwatsun da suka kewaye Rano da Kibiya misali ne na kusa, domin wanda ya duba fasasshen dutsen zai ga ƙwayoyi farare da jajaye da baƙaƙe masu ƙyalli, kowace ƙwaya kiristal ce mai zaman kanta da ta fuskanci inda ta fuskanta, ta haɗu da maƙwabciyarta a wata iyaka. Wannan iyaka aibi ce a idon masana, domin a nan sahu ya karye. Akwai aibi na ɗigo, inda ƙwayar zarra ɗaya ta ɓace daga gurbinta ko baƙuwa ta zauna a ciki. Akwai na layi, inda wani sahu ya yanke a tsakiyar kiristal maimakon ya kai ƙarshe. Akwai kuma ɓarɓashin wani sinadari dabam da ya maƙale a ciki. Aibin layi ne ke sa wayar jan ƙarfe ta yi tauri idan aka yi ta lanƙwasa ta ana miƙewa, domin layukan suna yawaita har su sarƙe juna.

Dalilin da ya sa aibi ke riƙe zare yana da sauƙin fahimta. Kafa cibiyar zare a inda sufakwandakta yake lafiya lau yana cin makamashi, tun da dole a kashe halin wurin. Idan kuwa cibiyar ta faɗa a kan aibin da dama can halin ya mutu a cikinsa, an huta da biyan wannan farashi, sai zaren ya zauna daram, ba ya tashi sai an ja shi da ƙarfi. Wannan shi ake kira kafewar zare, aibin kuma ya zama turke. Mai kiwon da ke ɗaure dabbobinsa da damina don kada su shiga gonar mutane ya san cewa turke ɗaya bai isa garke ba, ya san siririn turke ba ya riƙe bijimi, ya kuma san idan ya cika garken da turaku dabbobin ba za su sami wurin kwanciya ba. Haka abin yake a cikin waya: turken da ya fi riƙo shi ne wanda faɗinsa ya yi daidai da faɗin cibiyar zaren, yawan turakun ya kusanci yawan zaren, amma kada su cinye hanyar da lantarki zai bi.

An fara cin gajiyar wannan tun kafin a gama fahimtarsa. A 1961 John Kunzler da abokan aikinsa a Bell Labs ta Amurka suka nuna cewa haɗin niyobiyam da kuza yana ɗaukar fiye da amfiya 100,000 a murabba'in santimita a cikin filin tesla 8.8, shekara ɗaya bayan haka kuma Charles Bean da Philip Anderson suka shimfiɗa lissafin yadda kafaffen zare ke zama da yadda yake zamewa. Wayar da ta mamaye kasuwa daga baya ita ce ta niyobiyam da titaniyam, wadda ake gasawa a ja, a sake gasawa a sake ja, har ɓarɓashin titaniyam da ke cikinta ya miƙe ya zama sirarran falle masu kaurin 'yan nanomitoci, su ne turakunta. Da ita ake naɗa maganaɗisun na'urar hoton MRI mai tesla 1.5, irin wadda ake tura marar lafiya daga Rano ko Kibiya ya nema a manyan asibitocin birnin Kano. Shi kuwa niyobiyam ba baƙo ba ne a kudancin Kano, domin duwatsun Ririwai da ke Ƙaramar Hukumar Doguwa suna ɗauke da kuza da kwalambait, ma'adinin da ake tace niyobiyam daga cikinsa, kuma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, akasarinsa daga tudun Jos, kafin ma'adinan Araxá na Birazil su karɓe kasuwar.

Raunin niyobiyam da titaniyam shi ne ba ya aiki sai ƙasa da kelbin 10, wato sai da hiliyam. Wannan ne ya sa duniyar kimiyya ta girgiza a 1986, lokacin da Georg Bednorz da Alex Müller na cibiyar binciken IBM da ke kusa da Zurich suka sami wani tangaran na lantanam da bariyam da jan ƙarfe da oksijin da ke rasa turjiya a wajen kelbin 35. A farkon 1987 tawagar Maw-Kuen Wu da Paul Chu a Alabama da Houston ta musanya lantanam da itiriyam ta kai kelbin 93, haɗin da ake taƙaita sunansa da YBCO, a 1988 kuma Hiroshi Maeda a Japan ya sami na bismat mai kai wa kelbin 110. Ana ce musu masu aiki a zafi mai yawa, amma zafin a bakin masana ne kawai, domin kelbin 93 digiri 180 ne ƙasa da daskarewar ruwa. Muhimmancinsa shi ne ya haura kelbin 77, matakin ruwan naitirojin, wanda ake tacewa daga iskar da ake shaƙa, mai araha ne, shi ne kuma ake adana irin bijimai a cikinsa don barbarar zamani.

Murnar ba ta daɗe ba, domin dunƙulen tangaran na farko ɗaruruwan amfiya kawai suke ɗauka a murabba'in santimita, kuma ɗan maganaɗisu kaɗan yana rushe ko wannan ɗin. A 1988 Duane Dimos da Praveen Chaudhari da Jochen Mannhart na IBM suka gano dalili, ta hanyar haɗa kiristal biyu a kusurwoyi dabam-dabam su auna abin da ke tsallake iyakarsu: da zarar karkatar ta wuce 'yan digiri kaɗan, lantarkin da ke wucewa yana faɗuwa warwas. Iyakar ƙwayoyi, wadda ita ce babban turke a haɗin niyobiyam da kuza, a nan ta zama shinge. Sirrin yana cikin wani tsawo da ake kira tsawon haɗin kai, wato tazarar da ma'auratan ilaktoron masu ɗaukar lantarki ke riƙe juna a kanta, wanda kuma shi ke ƙayyade faɗin cibiyar zare. A YBCO bai wuce nanomita 2 ba a kwance, a tsaye kuwa bai kai rabin nanomita ba, saboda haka hargitsin da ke kan iyaka, duk da ƙanƙantarsa, ya isa ya yanke hanya. Wannan gajarta tana da fuska biyu, domin ita ce kuma ta sa gurbin ƙwayar oksijin ɗaya tak yake iya zama ɗan ƙaramin turke.

Matsala ta biyu zafin kansa ne. A kelbin 77 girgizar da zafi ke yi wa ƙwayoyin zarra ta ninka ta kelbin 4.2 kusan sau 18, ga shi kuma turakun ƙanana ne, sai zare ya riƙa tsalle daga wannan turke zuwa wancan yana rarrafe a hankali, abin da Yosef Yeshurun da Alex Malozemoff suka bayyana girmansa a 1988. Idan filin ya kai wani mataki, jerin zaren yana narkewa ya zama kamar ruwa, ba turken da ke riƙe shi, kayan yana nan sufakwandakta a suna amma ba ya ɗaukar lodi. Ga YBCO a kelbin 77 wannan mataki yana wajen tesla 7, ga na bismat kuwa bai kai tesla 1 ba, duk da cewa shi ne ya fi jure zafi. Bambancin ya samo asali ne daga ginin kiristal ɗin: lantarki yana gudana ne a cikin falle-fallen jan ƙarfe da oksijin da ke jere bisa juna, kuma a na bismat fallayen sun yi nisa da juna har zaren ya kakkarye ya zama faya-fayai, kowane yana zamewa shi kaɗai, turken da ya riƙe ɗaya bai riƙe na samansa ba. Wannan ne babban dalilin da ya sa masu ƙera maganaɗisu suka karkata ga dangin YBCO.

Gwajin da ya nuna irin turken da ake buƙata an yi shi a 1991, lokacin da Leonardo Civale da abokan aikinsa suka harbi kiristal ɗin YBCO da ƙwayoyin zarrar kuza masu tsananin gudu. Kowace ƙwaya ta ratsa ta bar miƙaƙƙiyar hanya ta lalataccen kiristal mai faɗin kimanin nanomita 5, wato kusan daidai da cibiyar zare, mai kama zaren daga sama har ƙasa maimakon a ɗigo ɗaya. Lodin da kiristal ɗin ke ɗauka a cikin filin ya ninka sau da yawa, musamman idan filin ya miƙe daidai da hanyoyin. Lalata kiristal da gangan ya gyara shi, sai dai ba a iya kai dubban kilomitoci na waya gaban na'urar harba ƙwayoyin zarra, don haka aka koma neman hanyar da aibin zai gina kansa.

A ɓangaren dunƙulallen tangaran, an koyi narkar da shi a bar shi ya daskare a hankali ya zama ƙwaya guda, a bar masa ɓarɓashin wani ɗan'uwansa kore wanda ba sufakwandakta ba, aikin da Masato Murakami na Japan ya shahara da shi. Irin wannan dunƙule ne ke tsayar da maganaɗisu a iska ya kafe, ko an juya shi ƙasa ba ya faɗuwa, domin zaren da suka ratsa shi suna ɗaure. A 2014 tawagar Jami'ar Cambridge ta kulle filin tesla 17.6 a tsakanin irin waɗannan faya-fayai biyu a kelbin 26.

A ɓangaren waya kuwa aikin biyu ne, a kawar da mugun aibi a kuma shuka nagari. An magance iyakokin ƙwayoyi ta hanyar shimfiɗa YBCO a kan tef na ƙarfe mai shimfiɗar da aka riga aka daidaita fuskar ƙwayoyinta, dabarar da Yasuhiro Iijima na kamfanin Fujikura ya fara a farkon shekarun 1990, wadda cibiyar Oak Ridge ta Amurka ta fito da wata irinta a 1996. Sannan a 2004 Judith MacManus-Driscoll da abokan aikinta a Los Alamos suka zuba haɗin bariyam da zakoniyam da oksijin a cikin kayan, aka ga lodi ya ƙaru matuƙa a cikin filin, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna cewa baƙon sinadarin yana iya tara kansa ya zama sanduna masu faɗin 'yan nanomitoci a tsaye cikin fallen, kwatankwacin hanyoyin Civale amma ba tare da harbi ba. Tef na yau mai faɗin milimita 4 da kauri kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita yana ɗaukar fiye da amfiya 100 a ruwan naitirojin, alhali fallen da ke yin aikin bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba. Wayar gida mai lamba 2.5 da masu wayarin suka sani kuwa amfiya 20 da 'yan kai take ɗauka.

Yawan aibi ba shi ne gwaninta ba. Sandunan da suka yi yawa suna matse kiristal ɗin da ke kewaye da su, su kore masa oksijin, su rage matakin zafin da yake aiki, kuma YBCO da oksijinsa ya ragu daga 7 zuwa ƙasa da kimanin 6.4 a lissafin haɗinsa ya daina zama sufakwandakta baki ɗaya. Sandunan da suka miƙe sak suna riƙo idan filin ya zo daidai da su, amma a cikin naɗin maganaɗisu filin yana zuwa ta kowace kusurwa, kuma zare yana iya zare ƙafa ɗaya ya ɗora a sandar kusa ya zame gaba ɗayansa, shi ya sa ake gauraya sanduna da ɓarɓashi. Turken da ya fi aiki a kelbin 77 ba lallai ne ya fi aiki a kelbin 20 ba, inda ƙananan aibobin ɗigo ke karɓar ragamar, saboda haka kamfanoni ke yin tef dabam don kebul, dabam don maganaɗisu. Gwaje-gwajen da aka yi da harbin niyutiron sun nuna cewa lodi yana hawa da farko, ya kai ƙololuwa, sannan ya faɗi, lamarin da ke damun masu son amfani da tef ɗin a injinan haɗa ƙwayoyin zarra.

Sakamakon ya riga ya fita daga ɗakin gwaji. A 2014 an binne a birnin Essen na Jamus kebul mai tsawon kilomita 1 mai ɗaukar megawat 40 a bolt 10,000, a watan Satumba na 2021 kuma Cibiyar Fasaha ta MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems suka gwada babban maganaɗisu mai tesla 20 da aka naɗa da tef na dangin YBCO, wanda suka sanyaya zuwa kelbin 20 don turakun su ƙara riƙo. Ba daidai ba ne a ce wa mutumin Kibiya wannan waya ce za ta gyara masa wuta nan kusa, domin tana da tsada, tana kuma buƙatar injin sanyaya da ba ya tsayawa, a inda buƙatar farko ita ce taransifoma mai lafiya da wayar alminiyam mai isasshen kauri.

Abin da ya shafi Nijeriya kai tsaye yana wani wuri dabam. Tarkacen haƙar kuza na tudun Jos yana ɗauke da zakon, tushen zakoniyam, da monazait mai ɗauke da dangin ƙarafan da ake musanya itiriyam da su, ga niyobiyam na Ririwai, amma ma'adinin da ke cikin tef kaɗan ne ƙwarai a farashinsa, kuɗin yana ga sanin inda za a ajiye kowane aibi. Matakin farko na wannan sani bai fi ƙarfin ƙasar nan ba, tun da dunƙulen YBCO yana samuwa da garin sinadarai uku, da tanderu mai kai wa digiri 950, da tulun oksijin, da ruwan naitirojin. Ya kamata sassan kimiyyar lissafi da fiziks na Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, tare da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano, su ɗauki nauyin ƙera waɗannan dunƙulen su riƙa kai su makarantun sakandaren Rano da Kibiya da Doguwa, ɗalibai su auna ɓacewar turjiya da hannunsu, su kuma gwada riƙon dunƙulen da aka narkar da wanda ba a narkar ba.